Daga Hagu, Malam

Ina da shekara arba'in da ɗaya na shiga koyon kafinta, kuma ba neman abinci ya kai ni ba, taurin kai ne zalla. Malamin Larabci nake a lokacin, a wata makaranta a Tsafe. Baba ya rasu ya bar littattafai cikin buhu, gara har ta fara lasar gefensu. A cikinsu akwai wani babban kundi mai bangon fata da ya kwafa da hannunsa, kuma a kan wannan kundin ne ni da yayana muka yi wata shida muna gaisawa sama-sama. Shi manomi ne a Bungudu, ya ce shi ne babba, wurinsa littattafai za su zauna. Ni kuma na ce ni ne mai karanta su.

Shi ya kawo maslaha da kansa. Akwai maɗacin da iska ta kayar a gonar Baba ta wajen Kwatarkwashi, an tsaga shi, katakon ya shekara biyu a zaure yana bushewa. Ya nuna min shi da baki ya ce, "Ga katako nan. Ka sa a yi akwati wanda gara ba ta shiga. Abin da ya shiga ciki naka na, abin da bai shiga ba shina nan wurina."

A sa a yi, haka ya ce. Ni kuwa bakina ya riga hankalina, na ce da hannuna zan yi. Ya dube ni, ya dubi hannun da bai san komai ba sai alli da alƙalami, ya ce Allah shi taimaka.

Haka na koma duk Asabar ina shiga mota zuwa Gusau, shagon wani kafinta a hanyar Damba. Mutumin Gabas ne, Kirista, amma a Gusau aka haife shi, in yana magana daga bayan labule sai ka rantse Bazamfare ne. Kowa Oga yake ce masa. Ba a daɗe da ba mu jiha ba a lokacin, gari ya cika da sababbin ma'aikata, kowa na son gado da kabad masu kwalliya a baki. Shi ya sa Oga ya sayo wani inji da suke kira rauta. Abu ne kamar ƙaramin turmi mai hannu biyu, da haƙorin ƙarfe a ƙarƙashinsa mai juyawa da gudun bala'i. Ka dafa shi a gefen katako ka tura, sai ya sassaƙe gefen ya fitar da layi mai lanƙwasa, sumul. Ranar da na ga an yi wa wani gado haka, na ce murfin akwatin Baba sai ya samu irinsa. Babu fa wanda ya tambaye ni kwalliya, sharaɗi dai akwati ya ɗauki littattafai.

Zarto da guduma ban sha wuyarsu sosai ba. Amma injin nan ya raina ni tun ranar farko. Ƙararsa kaɗai ta isa ta sa ka manta sunan garinku, ga garin katako a hanci, a gemu, a cikin hula. In na koma Tsafe ɗalibai su yi ta magana ina cewa "Na'am?" har ranar Talata. Wata rana aka ɗauke wuta ina cikin aiki, na ajiye shi ban kashe ba. Da aka dawo da ita ya tashi da kansa yana rawa a kan benci, ni da Oga muka yi waje, kowa na ture kowa a bakin ƙofa.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar fitina ita ce ta inda ake farawa. Haƙorin gefe ɗaya yake juyawa. In ka faro daga hagu kana tura shi dama, kai kake danne shi, sai ya ci katako a hankali. In ka faro daga dama, sai ya hau katakon ya fizge ka ya ruga.

"Daga hagu, Malam," in ji Oga. Kullum sai ya faɗa, wani lokaci tun ban ɗauki injin ba.

To ni shekara talatin hannuna daga dama yake tashi a kan allo da takarda. Takalmi, dama nake fara sawa. In na shiga majalisa, daga dama nake soma miƙa hannu. Ko wanzami ya zo, gefen dama yake fara aske min. Sai ga wani ƙarfe ya zo ya ce duk a juya. Na ɓata guntayen katako har Oga ya riƙa tara su a kwali yana kai wa matarsa ta hura wuta. Ya ce tunda na fara zuwa ba su ƙara sayen itace ba. Na yi dariya don dole, raina kuwa a ɓace.

Sai da na yi wata huɗu hannuna ya saba. A guntu kam na iya, layi ya fita tas. Muka yanka ɓangarorin akwati, na auna tsawon kundi na ƙara yatsa biyu don ya zauna a sake. Saura murfi, shi ne katako ɗaya tilo mai faɗi a cikin maɗacin gaba ɗaya. Oga ya ce a fara yi masa kwalliya kafin a haɗa akwatin, kuma ya ce kada in taɓa shi sai yana tsaye.

Asabar uku a jere ina zuwa babu wuta. In zauna ina goga samfefa a abin da ya riga ya yi santsi, la'asar ta yi in koma gida. A ta huɗu, Oga ya fita kasuwar katako ke nan, sai fanka ta motsa. Na san halin wutar nan, tana iya tafiya kafin ya dawo. Na matse murfin a benci, na sa haƙori, na tsaya a gefen hagu yadda aka koya min, na yi bisimilla.

Nan ne fa abin ya faru, kuma gara in faɗi gaskiya, ba mantuwa na yi ba. Na dubi katakon, na tuna daga gonar wa ya fito da abin da za a zuba a cikinsa. Baba mutum ne da in ka miƙa masa ko allura da hagu, zai bar hannunka a miƙe har sai ka gane da kanka. Sai na ji ba zan iya fara masa aiki ta hagu ba. Na ce a raina guntaye daban, wannan daban, in na riƙe da ƙarfi na ci kaɗan-kaɗan ai zai bi ni. Na taka na koma dama.

Bai bi ni ba. Ko taki ɗaya ban yi ba ya fizge, ya ruga a gefen murfin yana gatsa, ya tsage wata doguwar tsiri ya watsar. Da na kashe shi, gefen ya koma kamar rogon da ɓera ya kwana a kai.

Oga ya dawo ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Malam, daga ina ka faro?"

Na nuna masa.

"Don mi?"

Na ce, "Katakon mahaifina ne."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya fasa. Ya ce, "Allah shi jiƙan Baba. Amma wanga inji bai san shi ba."

Na roƙe shi a yi ciko. Ya ce ragowar maɗacin duk gajeru ne, in kuma aka liƙa farin katako an buɗe wa gara ƙofa. Dole a yanke wurin da ya lalace, yatsa uku cif, a rage ɓangarorin su daidaita da murfi. Ina tsaye ya yanke. Sauran kwalliyar ni na ƙarasa, daga hagu, kuma don takaici ta fita da kyau fiye da duk wadda na taɓa yi.

Na kai akwatin Bungudu ranar wata Juma'a. Innarmu na zaune a tabarma, Yaya ya jawo buhu yana zuba littattafai ɗaya bayan ɗaya, duk suka shige. Kundin ya bari a ƙarshe. Ya kwantar da shi, ya ƙi. Ya karkata shi, ya ƙi. Ya tsayar da shi, murfi ya ƙi rufuwa. Wallahi da gaskiya ya gwada, har ya fito da sauran ya sake jerawa, ni kuwa na san yatsa ɗaya ne ya rage kuma ba zai dawo ba.

Ya shafa gefen murfin da babban yatsa ya ce, "Kwalliya kam ta yi kyau."

Ya naɗe kundin a tsohon rawani ya shiga da shi ɗaki. Na ɗora akwatina a mota na koma Tsafe. Tun daga ranar, in na so ganin rubutun Baba sai in shiga mota zuwa Bungudu, in yi sallama, in jira Yaya ya dawo daga gona.