Rabon Clifford a Kuɗin Glenys

Glenys Hepworth a gaban tukunya ta ƙare ƙuruciyarta. Ita ke dafa wa yaran wata firamare a garin Grimsby na Ingila abincin rana, tun tana amarya har furfura ta rufe mata kai. Ita da mijinta Clifford suka ci bashin banki suka sayi ɗan gida kusa da tashar jiragen kamun kifi. Ranar sa hannu ma'aikacin bankin ya ce sai sun haɗa da inshora, wai in ciwo ya kwantar da mutum ita za ta riƙa biyan bashin. Ya nuna musu in babu ita babu gida. Suka yarda.

Ba a jima ba Clifford ya kwashe kayansa ya bi wata mata zuwa garin Skegness. Glenys ta ci gaba da biya ita kaɗai. Shekarar da ciwon baya ya kayar da ita ta nemi inshorar nan, aka ce ai ciwon baya ba ya cikin cututtukan da inshorar ta ɗauki nauyinsu. Ta ɗaure ƙugu da zani mai roba, ta koma ɗaga tukwanen dankali tana cije leɓe.

Ta riga ta yi ritaya, bashi ya ƙare, sannan ta ji a talabijin cewa bankuna sun cusa wa mutane irin wannan inshora da yaudara, an kuma tilasta musu maido da kuɗin. Ba ta bi ta kan 'yan kamashon da ke damunta da waya wai za su karɓo mata kuɗin ba, da kanta ta kai ƙorafi. Bayan watanni wata yarinya daga bankin ta kira ta da murya kamar zuma. Ta ce sun duba, ashe inshorar ba dole ba ce tun farko, suna ba da haƙuri. Sai dai sunaye biyu ne a kan bashin, don haka kuɗin da za a maido rabi nata, rabi na Clifford.

"Wanda bai biya ko kwabo ba tun da ya fita?"

"Haka tsarin yake, Uwargida Hepworth."



Ranar wata Juma'a sai ga Clifford a ƙofa, ya yi tumbi, riƙe da soyayyen kifi da dankali a takarda.

"Glen tawa, ashe rabonmu ya tsaga."

"Rabonmu? Kai da wa?"

"Haba, ai tare muka sa hannu."

"Hannu kam ka sa. Sauran jikinka yana Skegness."

Ya yi 'yar dariya, ya leƙa falo. "Ba za ki ɗora mana shayi ba?"

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Ko kunya babu a idonsa, sai maiƙon kifi da ke ɗiga a kan dakalin da ta wanke da safe.

"Ka tsaya inda kake," in ji ta. "Yanzu na goge ƙasa."

Ta rufe ƙofa a hankali.

Clifford ya karɓi rabinsa, aka ce tsohon kwalekwale ya saya. Glenys ta tafi rufe asusunta, ta tarar reshen bankin ya koma shagon caca. Ta ɗan tsaya tana kallon masu shiga, ta yi tsaki, ta wuce kasuwa sayen albasa.