Koren kwalin maganin Inna

Shekarar da aka tura ni koyarwa lakwal, wato makarantar boko, a Gidigir, Inna tana fama da ciwon sukari da hawan jini. Likitan Damagaram ya ɗora ta kan magani iri biyu, duka ƙananan ƙwayoyi farare, ba ka iya raba su da ido. Inna ba ta yi boko ba, sai ta riƙe su da launin kwalinsu: kore na sukari da safe, shuɗi na jini bayan la'asar.

Daga baya maganin ya koma zuwa ba kwali, sai a ƙulle a leda. Duk sanda na zo gida Gure na kawo sabo, nakan zuba kowanne cikin tsohon kwalinsa. Koren yana zaune a tagar ɗakinta ta gabas don ta gan shi da ta idar da asuba, shuɗin kuwa yana cikin kwalla. Haka suka shekara biyu. Bakin koren ya yi laushi kamar tsumma, gam ɗin ya saki, ta ɗinke shi da zare. Kullum rana na dukansa yana koɗewa a hankali, mu da muke ganinsa yau da gobe ba mu lura ba.

Gab da damina aka zo yaɓen ɗakin. Ƙanwata, wadda ke zaune da Inna, ta kwashe kayan ta haɗa kwalayen biyu a tasa guda. Ranar kasuwa ina aji wani direba ya leƙo ya ce in zo gida, Inna ta faɗi wurin alwala.

Na same ta a asibiti an sa mata ruwa, zufa ta jiƙa kallabinta. Ƙanwata ta miƙo mini tasar. Na daɗe ina kallo. Kwali biyu ne, dukansu shuɗi, ɗaya ya ɗan fi ɗaya haske. Rana ta cinye koren, rubutun ma sai na kai shi bakin ƙofa kafin na iya karantawa. Ashe na sukarin ne Inna ta yi ta sha safe da yamma.

Da ta farfaɗo ta ce, "Ni dai shuɗin na sha, kamar yadda ka ce."

Na ce, "Haka ne, Inna. Kwalin ne ya tsufa."

"Ko dai idona ne? Ka faɗa mini gaskiya."

Na rantse mata idonta lafiya lau. Ta juya fuska bango.

Bayan an sallame ta na samo kwalabe biyu, doguwa da gajera, na raba maganin. Ba ta yarda da su ba. Matar da take tsince tsakuwa daga gero ba ta kuskure, ta koma ba ta kai ƙwaya baki sai wani ya sa mata a tafin hannu. In ƙanwata ta tafi biki ko rijiya ta daɗe, lokacin shan ya wuce, Inna tana zaune tana kallon kwalaben.

Na nemi a maido ni Gure, aka ce sai ƙarshen shekara. Duk Juma'a da yamma ina bakin hanya ina tsayar da motar da ta samu. In na shiga gida takan miƙo hannu tun kafin in ajiye jaka, ko da ta riga ta sha na ranar.