Yayata Rabi da jaririn da aka ce ta rufe

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Rabi, kuma ban taɓa jin rashinta kamar damanar nan ba.

Rabi ta yi aure a wani ƙauye kusa da Matankari. Ɗanta na fari, Hamisu, ya zo duniya leɓensa na sama a tsage har hanci. Kafin a yanke cibi dangin mijinta sun gama shari'a: wai ta fita ɗiban ruwa da almuru da tsohon ciki, doguwa ta shafe ta. Babban gidan, Kawu Ɗanjimma, mutumin da ko akuyarsa bai iya kiwo ba, shi ya yanke hukunci. A yi suna ba taro, a lulluɓe yaro da zane, duk wanda ya tambaya a ce barci yake. Wannan abin a bakinsu sunansa rufin asiri.

Rabi ko kallo ba su ishe ta ba. Yaro bai iya kama nono, sai ta riƙa tatsa a ƙoƙo, ta jingina shi a jikinta, ta ɗiga masa da cokali kaɗan-kaɗan, in ya ƙware ta jira. Da ya yi ƙwari ta goya abinta ta shiga mota zuwa Yamai, likitoci suka ɗinke. Yau Hamisu magidanci ne, yana gyaran babur a Dogon Dutsi, gashin baki ya rufe tabon. Dangi kuwa suka binne zancen, ko a hira ba a tayar da shi. Ka ji su wurin biki suna "ɗanmu Hamisu," sai ka rantse su suka yi wahalarsa.

Da damanar nan matar jikan Kawu, Zali, baƙuwar yarinya daga wajen Sukukutane, ta haifi mace, leɓe a tsage. Gidan nan yanzu akwai ma'aikacin gwamnati, akwai malamin lakwal mai koyar da boko, kowa da wayar da yake shafawa yana kallon duniya. To, me suka yi? Abin da tsohonsu ya yi. Suka hana shiga barka, wai mai jego ba ta jin daɗi. Suka kira mai hayaƙi ya turara ɗaki. Ba namiji ko mace da ya buɗe baki ya ce mata an taɓa yin haka a gidan, kuma an warke. Faɗa zai sa a ce abin a jininsu yake, su kuwa sun fi son a ce daga wajen Zali ya zo. Jaririya na kukan yunwa, uwa ta rasa yadda za ta yi. Ni ban ji labari ba sai da aka aiko da saƙon rasuwar jaririyar.

Wurin gaisuwa na iske su a baje kan tabarmi, riguna sun sha guga, suna ta maimaita "Allah ya hutar da ita." Wallahi na raina su. Da Rabi na da rai, jin an hana barka kawai ya ishe ta. Ta san irin wannan ƙaryar. Da ta ture ƙyauren ta shiga, wanda zai ji haushi ya ji.

Na daɗe ina zaton Hamisu kaɗai ya isa ya zama abin da yayata ta bari. Ashe abin da ta sani ya bi ta kabari, don waɗanda suka gani da idonsu sun zaɓi yin shiru.

Na wuce ɗakin Zali. Tana zaune bakin gado, nono ya jiƙa mata riga. Na ba ta labarin Rabi tun daga farko, da ƙarfi, yadda na tsakar gida za su ji. Da na gama sai ta tambaye ni:

"Inna, Hamisun da ke gyara ma maigidana babur?"

Na ce shi.

Ta dubi shimfiɗar da ba kowa a kanta, ta ce, "Ashe ana ɗinkewa?"