Abin da na ji a wayar Baban Nafisa

Na buɗe wayar maigidana, ranar da ya manta ta ya tafi kasuwar hatsi. Wata biyu ke nan yana laɓewa a zaure bayan la'asar yana magana ƙasa-ƙasa, har zuciyata ta fara saƙa min abin da bai kamata ba.

Saƙonnin murya na tarar, duk zuwa ga wani malami a Shinkafi. Na danna ɗaya. Mijina ne, da furfurarsa, yana biya ƙananan surori, yana tuntuɓe yana sakewa. Ni na yi sauka tun ina budurwa. Ashe kunyar karatu a gabana yake ji.

Da ya dawo na ce, "Baban Nafisa, ka yafe min, na bincika maka waya."

Na ɗauka na ɓata amanar shekara ashirin da shida. Amma sai ya ce, "To Malama, tunda kin jiya, a ina nike kuskure?"

Allahu Akbar! Yau a gabana ya biya karatunsa. Ni dai har yanzu istigfari nake. 'Yan'uwa, da ku aka yi wa, za ku iya wannan haƙurin?