Saitin Mutum Biyu

Mai Zare ake ce masa, don bai taɓa yarda da na'ura wajen saita ƙafar mota ba. Zare yake ɗaurawa daga tayar baya zuwa ta gaba, ya tsuguna, ya kanne ido ɗaya, ya yi ta kallo har mai mota ya ƙosa. Garejinsa yana bayan layin masu walda: rumfar kwano, rami ɗaya, jak mai yoyo, da bencin da ya sha baƙin mai har ba a gane katakonsa. Tsofaffin motoci kawai yake taɓawa. Sababbi kuwa cewa yake roba ce zalla, a kai wa masu liƙin bokiti.

Yana da wata ƙa'ida da masu gaggawa suka tsana: ba ya saita mota babu kowa a ciki. Mota ba ta tafiya ita kaɗai, in ji shi, don haka wanda zai riƙa hawa shi zai zauna a yi aikin da nauyinsa. Sai ka ga babban mutum da gogaggun kaya zaune bisa rami yana gumi, Mai Zare yana ƙasa yana juya noti, yana daka masa tsawa kada ya kuskura ya motsa.

Tasa motar ta girmi 'ya'yansa duka. Ruwan toka ce, mai dogon hanci, kuma kujerar gefen direba ta matarsa ce, babu mai hawa ko da wasa. Fasinja yake ce mata. Mace ce mai jiki, in ta yi dariya sai motar ta girgiza. Da tafiya ta yi tafiya sifirin da ke ɗauke da nauyin motar ta wajenta ya lotsa ƙasa, Mai Zare ya yanko wani faifan ƙarfe ya cusa ƙarƙashinsa don ya ɗaga ɓangaren. Ya ce ita ta kashe masa sifirin. Ta ce sifirin ne rago, halin mai shi ya ɗauko.

Duk lokacin da zai saita motar, sai ta biyo shi gareji da saƙarta ta zauna a kujerarta. Shi da yake yana cikin rami, buhun yashi daidai nauyinsa yake ɗorawa a mazaunin direba. Ita kuwa sai ta juya ta yi ta yi wa buhun hira, tana cewa ya fi mijinta sauraro, ga shi ba ya katse mutum.

Ciwon da ya ɗauke ta bai ba su lokaci ba. Aka yi zaman makoki, aka watse, ya koma bakin aiki idonsa a bushe, har mutane na yaba masa haƙuri. Sai motar ta fara ja. A miƙaƙƙen titi, da zarar ya sassauta hannu, sai ta karkata wajen kujerar da babu kowa. Tun ranar farko ya san dalili: saitin mutum biyu ne, kuma saura mutum ɗaya. Aikin yini guda ne a wurinsa, amma bai taɓa ba. Tayar gaba ta cinye gefe ɗaya har wayar cikinta ta leƙo. Maƙwabtansa masu walda suna tsokanarsa, wai mai miƙe motocin gari ga tasa tana tafiyar kaguwa. Sai ya ce aiki ne ya yi masa yawa.

Wata safiya da aka yi ruwa ya taka birki, motar ta zame ta haye bakin kwata, saura ƙiris ta kwashe wata mata mai goyo. Allah ya tsare, amma labari ya kai wa Auta, ƙaramar 'yarsa da ke aure a wani gari. Ta zo ta same shi a tsakar gida, ta zare makullin motar daga ƙusar da yake rataye shi, ta ce ko dai ya gyara ko ta tafi da shi. Ta san abin da take yi: gwiwoyinsa ba za su kai shi gareji da ƙafa ba, kuma ranar da ya daina zuwa garejin nan ya gama.

Ya yi faɗa, ya ce yaushe aka haife ta. Da ya ga ba ta da niyyar sakin makullin sai ya ce:

"Auta, in motar ta ja ni, ji nake kamar uwarki ce ta riƙo hannun rigata tana cewa, Malam, rage gudu. Shi kenan abin da ya rage min."

Auta ta yi kuka sosai, amma ba ta ba shi makullin ba. Nan kam halin uwarta ta biyo.

Tare suka tafi gareji. Ya ɗaga motar, ya cire taya, ya kwance shokozoba, ya danne sifirin ya zaro faifan. Ya yi tsatsa, ga shatin sifirin kwance a jikinsa. Ya daɗe yana goge shi da tsumma kafin ya jefa a aljihu. Ya sa sabon sifirin, ya canza bushin roba na ƙafar motar da suka mutu, ya sauke motar bisa rami, ya jawo buhun yashin ya ɗora a mazauninsa. Yana ɗaura zare sai ya ji ƙarar ƙofa. Auta ce ta shiga ta zauna a kujerar uwarta. Motar ko nisawa ba ta yi ba, don yarinyar ba ta da auki.

"Baba, saita da ni."

Ya so ya yarda, Allah ya sani. Ya tsaya da sifana a hannu yana kallon ƙasan kujerar.

"Sauko, Auta. Gobe gidan mijinki za ki koma. Ba na yi wa mota ƙarya."

Ta sauko. Ya saita da buhu ɗaya, ya kanne ido, ya juya, ya sake aunawa, har zaren ya kwanta daidai ta kowane gefe.

Shi kaɗai ya fita gwaji. A doguwar kwalta ya saki sitiyari gaba ɗaya, ya ɗora hannuwansa a cinya. Motar ta miƙe sambal. Ya jira, ya ƙara jira, ko za ta ɗan karkata ko da kaɗan ne. Bai taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba, kuma bai taɓa tsanar aikin hannunsa haka ba.

Da ya dawo, Auta na tsaye bakin rumfa. Ta tambaye shi ko ta miƙe.

"Ta miƙe," ya ce. "Babu mai ja na."

Ya kashe mota, ya lallaɓa ya zauna a benci, ya sa hannu a aljihu ya damƙe faifan. Kukan da bai yi ba ranar da aka fita da gawar matarsa, a nan ya yi shi, har masu walda suka kashe injinsu. A wurinsa ranar ce ta rasu.