Gidan Zanzaro a Cikin Injin Baffa

A farkon daminar 1985, wata ranar Laraba da hantsi, muka tsaya cirko-cirko a bayan gidanmu da ke gefen Gummi muna kallon rumbunmu. Iskar da aka yi da asuba ta karyo babban reshen maɗaci, ya faɗo ya danne bakin rumbun, ya wargaza jinkar, ya tsaga ginin ƙasar har ana hango gero. Geron nan shi ne abin da ya rage mana bayan shekarun fari, da shi za mu kai kaka. Ba a iya shiga a kwashe shi, don reshen ya toshe baki, gatari kuwa Baba ya ce kowane sara zai ƙara buɗe tsagar. Ga gabas ta fara haɗa hadari.

Dabara ɗaya ta rage, injin yankan itace na Baffa Sani, ƙanen Baba, wanda ya yi aikin katako a kurmi. Tun da ya dawo ya rataye shi a ɗakin Inna, saboda nan ne kaɗai ake sa kwaɗo. Aka sauko da shi, Baffa ya haɗa fetur da baƙin mai a kwalba ya zuba, ya taka shi da ƙafa ya ja igiya. Injin ya yi tari ya yi shiru. Ya ja, ya sake ja, har gumi ya jiƙa masa taguwa. Ya kwance fulogi ya kankare shi da wuƙa, ya gwada ya ga yana ba da wuta. Ya wanke soson iska. Ya shinshina fetur ɗin ya ce mai sayarwa ya gauraya shi da kananzir, aka tura ni da gudu bakin tasha na sayo wani. Ni da ma tun ina ƙarami mai zullumi ne. Ina gudu ina tunanin ko za mu koma cin dusa da tafasa kamar bara, ina ɗaga kai ina duba sama har na yi tuntuɓe na fasa ɗan yatsa.

Sabon man ma bai yi komai ba. Maƙwabta suka taru, kowa da shawararsa. Wani ya ce a shanya injin a rana ya sha zafi, wani ya ce itacen na da masu shi, a nemi izini tukuna. Malam Jaɓɓi, Bafulatanin da ke kawo mana taki, ya ce, “Sani, in jaki ne wanga da yanzu ya sha sanda ya tashi.” Aka yi dariya, ban da Baffa, wanda tafin hannunsa ya riga ya saluɓe. Azahar ta wuce, makaranta ma ban je ba, awaki suna ta kuka ba a kai su kiwo ba. Baba ya koma ya zauna a kan turmi.

Inna tana tsaye a bakin zana da tsohon ciki. Ta yi ɓari sau biyu kafin wannan, shi ya sa ko tulu ba a barin ta ɗauka. Da aka yi tsawa ta farko sai ta matso, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce, “Sani, duba ƙofar da hayaƙi ka hita.” Baffa ya juya injin ya leƙa salansar da ke fitar da hayaƙin, sai ga ta a toshe da jar laka, an shafe ta sumul. Zanzaro ne ya yi gini a ciki. Inna ta daɗe tana ganin shigarsa da fitarsa, kuma tun safe zuciyarta ta ba ta, amma ta yi shiru. Tsofaffin gidanmu suna cewa, “Ba a rushe gidan zanzaro a ɗakin mai ciki,” wai abin da ke cikinta ba zai zauna ba.

Baffa ya ɗauko guntuwar wayar ƙarfe ya riƙe a hannu ya kasa tsokanewa, yana kallon Baba, Baba yana kallon ƙasa. Inna ta dubi rumbun ta dube mu, mu yara da muka yi zuru-zuru. Ta karɓi wayar ta yi bisimilla, ta farfasa lakar da hannunta, ta ce, “Waɗanda ag ga duniya su ci tukuna.” Ja biyu Baffa ya yi injin ya ɗauka da ƙara da shuɗin hayaƙi. Ya yanka reshen gunduwa-gunduwa, maza suka sauke, aka ja tabarmi da asabari aka rufe rumbun yayyafi na sauka. Saman geron ya ɗan jiƙa, sauran ya kai mu kaka.

Ni kuwa barci bai yi mini daɗi ba har Inna ta sauka. Ko tari ta yi sai in tashi in leƙa ta. Cikin ikon Allah ta haifi Hajara lafiya, ga ta can Bukkuyum da jikokinta. Yanzu injinan nan sun cika gari, ja ɗaya suke tashi, maɗatan bayan gidanmu ko kututture bai rage ba, rumbun ma buhu ya maye gurbinsa. Inna ta rasu, ban taɓa tambayarta yadda ta kwana a ranar ba. Har yau in na ga zanzaro yana gini a bangon ɗakina, sai in kauda kai in bar shi ya gama.