Rafin da Na Bi a Kan Dutsen Chappal Waddi

Ni mutumin Kurmin Kogi ne, a ƙasar Ikara. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa. Lokacin da abin nan ya faru ƙarfina ya kai, buhun masara nake ɗauka daga gona har gida ban sauke ba. Da damina in yi noma, da rani in tafi ci-rani. Wata shekara na bi motar tumatir zuwa Jalingo, daga nan dako ya yi ta ja na har ƙasar Mambila. A can na ji ana neman masu ɗaukar wa wasu baƙi kaya zuwa kan Chappal Waddi, dutsen da aka ce duk Najeriya babu mai tsawonsa, a kan iyakarmu da Kamaru. Ba abin da baƙin ke nema a can, hawa kawai za su yi, su ɗauki hoto, su sauko. Na ce in dai kaya ne, a aza mini.

Sauran 'yan dakon 'yan ƙasar ne. Suna ce mini Bazazzage, suna tsokanata wai a garinmu in mutum ya hau suri sai an je masa barka da sauka. Na ce musu mu da ƙafa muke hawa, ba da baki ba. Jagoranmu dattijo ne marar yawan magana. Kafin mu tashi ya ce abu ɗaya zai roƙe mu: in gajimare ya sauko ya rufe hanya, duk wanda bai ga 'yan'uwansa ba ya zauna inda yake, za a dawo masa. Na ce to, Baba. A raina kuwa dariya na yi, don ni a sama na san gajimare.

Tafiyar kwanaki ce. Mun ratsa kurmin da rana ba ta taɓa ƙasa, birai na ihu a kanmu, mun tsallake koguna masu sanyi kamar ruwan randa. Da muka yi sama sai itatuwa suka ƙare, ba komai sai ciyawa da iska da shanun Fulani can nesa. A nan igiyar takalmina ta tsinke. Na ce su ci gaba, yanzu zan cim musu. Kafin in gama ɗauri wani farin abu ya taso daga kwari ya lulluɓe ni, ko ƙafata da ƙyar nake gani. Na yi kira, iska ta kwashe.

Na tuna maganar dattijon, ban manta ba. Amma na ji motsin ruwa a gefena. A wajenmu wanda ya ɓata rafi yake bi, don rafi fadama yake zuwa, fadama kuwa ba ta rasa mai lambu ko mai rake. Haka na tashi na gani, bai taɓa ba ni kunya ba. Na kuma ƙi a dawo a same ni zaune in zama abin dariya. Na aza kaya na bi ruwan. Ashe rafin kan dutse ba wurin mutane yake zuwa ba, bakin rami yake zuwa ya zuba. Na taka gansakuka, ƙafa ta zame, ni da kayan muka bi shi.

Cinyata ce ta karye. Wani makiyayi ya hangi jan tantin baƙin da ke cikin kayana a warwatse cikin kwari, shi ya kira mutanenmu. Waɗanda ke tsokanata su suka sari sanduna suka ɗaure ni a kai, suka sauko da ni a kafaɗa, ba wanda ya ƙara cewa Bazazzage. Baƙin ba su kai ƙololuwar ba saboda ni. Dattijon bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi sun dawo daidai inda na tsaya cikin ɗan lokacin da ko ruwan shayi ba zai tafasa ba, suka tarar da sawuna a ciyawa. Kafin a kai ni wurin maɗori ƙashin ya fara kamawa a karkace, haka ya zauna.

Yanzu ƙanena ke noma gonata. Ni kuma ranar kasuwar Makarfi in zauna in yanka rake. Da damina in na ga maza sun saɓa fartanya sai in juya fuskata bango. Na yarda da ƙaddara, amma na san ba dutsen ne ya cuce ni ba, an faɗa mini abin yi na ƙi.

Ku masu zuwa ci-rani, da ku masu kuɗin da kuka fara hawan duwatsu don nishaɗi, sanin da ka yi wa dajin garinku na garinku ne. In ka je ƙasar wasu, ɗan ƙasa ya ce zauna, ka zauna. Zaman ɗan lokaci aka nema a wurina na ƙi, ga ni nan ina yin na sauran rayuwata.